In Ɓera da Sata, Daddawa Ma da Wari: Martani ga Mai Wanke Malaman Kimiyya

A 'yan kwanakin nan na karanta wata maƙala da wani malamin kimiyya ya rubuta, yana kare ka'idar juyin halitta daga masu cewa ita ce uwar mulkin mallaka. Na fahimci abin da ya tunzura shi. Akwai masu neman a cire darasin daga manhajar makarantu ɗungurungum, hujjarsu kuwa ita ce ilimin da aka wulaƙanta baƙar fata da shi ba abin koya wa yara ba ne. Malam ya tashi tsaye ya kare fanninsa, kuma ban ga laifinsa a nan ba. Sai dai garin kariya ya wuce gona da iri, ya wanke har waɗanda hannunsu ke jina-jina.

Ga abin da ya ce, kuma zan yi ƙoƙari kada in rage masa ko ƙwayar zarra. Ya ce wariyar launin fata da cin ƙasashen mutane sun girmi Charles Darwin nesa ba kusa ba: an shafe ɗaruruwan shekaru ana jigilar bayi ta Tekun Atalantika kafin a haife shi, kuma Bafaranshen nan Gobineau ya gama wallafa littafinsa na fifikon jinsi a 1855, shekara huɗu kafin littafin Darwin na 1859. Ya ce Darwin maƙiyin bauta ne, kuma ya tsaya a kan cewa 'yan Adam duka tushensu ɗaya. Ya ce roba da auduga da manja da zinariya ne suka kai Turawa Afirka da Asiya, babu sojan da ya saɓa bindiga don ya karanta littafin ilimin halittu. Waɗanda suka jingina zaluncinsu ga kimiyya kuwa, a cewarsa, 'yan siyasa ne da bokayen ilimi. In ma an sami masani na gaskiya da ya zame, to ɗan zamaninsa ne, a lokacin kowa haka ya yarda. Ya rufe da cewa mu a ƙasar Hausa maganar ba ta ma shafe mu ba, tunda Turawan Ingila sun bar mana sarakunanmu da alƙalanmu, har yaba tsarinmu suka yi.

Rabin maganar nan gaskiya ce, zan ma ƙara masa abin da ya manta. A 1865, da Gwamna Eyre ya murƙushe boren baƙar fata a Jamaika aka hallaka mutum fiye da 400, Darwin na cikin waɗanda suka ba da suna da kuɗi don a gurfanar da shi. Herbert Spencer, wanda a 1864 ya ƙirƙiro maganar nan ta cewa wanda ya fi dacewa shi ke wanzuwa, har ya mutu yana adawa da yaƙe-yaƙen mallaka na ƙasarsa. Duk na yarda. Babu mai hankalin da zai ce Darwin ne ya ƙirƙiro kwaɗayi. Tambayar da Malam ya kewaye ita ce: bayan fitowar ka'idar, me ya sauya a bakin masu cin ƙasa?

Kafin nan, duk uzurin da mai cin ƙasa ya kawo akwai inda za a kama shi. In ya ce yaɗa addini ya kawo shi, limaman cocinsa za su tambaye shi ayar da ta halatta kashe wanda ka zo shiryarwa. In ya ce ya zo hana cinikin bayi, za a nuna masa aikin tilas da shi kansa yake sa mutane. Sabon uzurin ya toshe wannan ƙofa. Ya ce jinsunan mutane kokawa suke yi kamar yadda dabbobi da tsirrai ke yi, mai ƙarfi ya danne mai rauni, kuma ta wannan danniyar duniya ke ci gaba. Sai aka daina cewa "mun kashe su", aka koma cewa "ƙarewa suke yi". Ga gawa a kwance, babu wanda ya yi kisa. Wa za ka kai ƙara a kan dokar halitta? Aikin da ka'idar ta yi wa mulkin mallaka aikin malamin fada ne: ba shi ke ƙwace gonar talaka ba, amma shi ke nemo wa sarki fatawar da za ta bar shi ya yi barci da daddare.

Kuma ba a bakin 'yan siyasa aka fara jin fatawar ba. Malam ya buɗe littafin Darwin na 1871 kan asalin ɗan Adam. Zai tarar da inda ya ce nan da 'yan ƙarnoni, kusan tabbas jinsunan da ya kira wayayyu za su shafe waɗanda ya kira mutanen daji daga doron ƙasa, su gaje wurinsu. Ban ce fata yake yi ba, hasashe ne. Amma a 1871 ba a cikin littafi kaɗai ake shafe mutane ba, kuma ya sani, domin ya gani. A 1836 jirgin ruwan Beagle ya sauke shi a Tasmaniya, tsibirin da ke kudu da Ostireliya, ya tarar an gama farautar 'yan asalin wurin, an kwashe 'yan tsirarun da suka rage an jibge su a wani ƙaramin tsibiri. Ya soki mugun halin wasu 'yan ƙasarsa, wannan gaskiya ne, amma a labarin tafiyar tasa ya rubuta cewa jinsunan mutane suna yi wa juna abin da jinsunan dabbobi ke yi, mai ƙarfi ya kawar da mai rauni.

Shekara 40 bayan wannan ziyara, a 1876, wata tsohuwa 'yar asalin tsibirin mai suna Truganini ta rasu a birnin Hobart. Ta san yadda likitoci suka yi gunduwa-gunduwa da gawar wani ɗan ƙabilarsu, William Lanne, a 1869, suna rige-rigen ɗauke ƙoƙon kansa, don haka ta roƙa kada a taɓa tata. Ba a cika mata wasiyya ba. Ƙungiyar masana ta Tasmaniya ta tono ƙasusuwanta, aka kafa ƙwarangwal ɗinta a gidan tarihi jama'a na kallo daga 1904 har 1947, wai ita ce ta ƙarshe a jinsin da ya ƙare. Sai a 1976 aka ƙona ƙasusuwan aka watsa tokar a teku. Jinsin kuwa bai ƙare ba, jikokinsu na nan har gobe. Likitan da aka zarga da yanke kan Lanne, William Crowther, daga baya shi ya zama firimiyan Tasmaniya. To a ina Malam zai shata iyaka tsakanin masani da ɗan siyasa?

Mu zo kan "bokayen". Francis Galton ɗan'uwan Darwin ne na jini, kakansu ɗaya. A littafinsa na 1869 kan gadon hazaƙa ya jera jinsunan mutane hawa-hawa, ya ajiye baƙar fata hawa biyu ƙasa da Baturen Ingila. Darwin ya rubuta masa wasiƙar yabo, ya kuma kafa hujja da shi a nasa littafin. A 1873 Galton ya aika wa jaridar Times ta Landan shawara: a zuba 'yan Sin a gaɓar gabashin Afirka, su hayayyafa har su ture baƙar fata su maye gurbinsu. A 1883 ya raɗa wa sabon fanninsa suna, wato ilimin tace irin ɗan Adam. Wannan ne boka? Shi ya aza harsashin gane mutum ta zanen yatsa, ɗaliban ƙididdiga har yau da dabarunsa suke aiki, kuma a 1909 Sarkin Ingila ya ba shi lambar girma ta Sir. Almajirinsa Karl Pearson, farfesa a Kwalejin Jami'a ta Landan, wanda duk ɗalibin da ya taɓa nazarin alƙaluma a Zariya ko Yamai ya ci karo da sunansa, ya tsaya a birnin Newcastle a Nuwamban 1900 ya ce babu hanyar ci gaba sai kokawar jinsi da jinsi, kuma kushewar al'ummun da aka shafe ita ce matakalar da ɗan Adam ya taka ya hau. Da sunan kimiyya ya faɗa, sunanta ne ma a kan laccar. In waɗannan bokaye ne, to Malam ya gaya mana su wa ke nan malaman a Ingila ta lokacin.

Sai batun cewa babu sojan da ya karanta littafi. Ai fatawa ba ta buƙatar kowa ya karanta littafin da aka ciro ta. Kamfani ne ke son roba, amma majalisa ce ke amincewa da kuɗin yaƙi, uwa ce ke ba da ɗanta, limami ne ke sa albarka, kuma su waɗannan ba da roba ake lallashinsu ba. A ranar 28 ga Yulin 1885, wata biyar bayan an tashi daga taron Balin da aka shimfiɗa ƙa'idojin rabon Afirka, Jules Ferry ya gaya wa majalisar Faransa ƙarara cewa jinsuna na sama suna da haƙƙi a kan na ƙasa. A Mayun 1898 firaministan Birtaniya, Lord Salisbury, ya raba al'ummun duniya gida biyu, masu rai da masu mutuwa, ya ce ba makawa masu rai su riƙa cin iyakar masu mutuwa. A wannan shekara dai Benjamin Kidd ya fitar da littafi yana cewa mutanen ƙasashe masu zafi suna nan a matakin ƙuruciyar ɗan Adam, ba za su iya sarrafa arzikin da ke ƙarƙashin ƙafarsu ba, don haka wajibi ne Turawa su riƙe shi amana a madadin duniya. Malam na ta faman raba roba da kimiyya, ga su nan kwance a shafi ɗaya.

Akwai ma sojan da ya karanta. A Janairun 1904 ƙabilar Herero ta ƙasar da ake kira Namibiya yanzu ta yi wa Jamusawa bore, bayan an ƙwace musu filayen kiwo da shanu. Aka turo Janar Lothar von Trotha. Ya ci su da yaƙi a Waterberg a watan Agusta, ya kora su maza da mata da yara cikin hamadar Omaheke, ya sa sojoji suka tsare rijiyoyi. A ranar 2 ga Oktoba ya fitar da umarni cewa duk Baherere da aka gani a cikin iyakar Jamus, da bindiga ko babu, da shanu ko babu, a harbe shi. Da ƙabilar Nama ta tashi, ita ma aka yi mata haka. Waɗanda ƙishirwa ta bari aka tara su a sansanonin gwale-gwale, mafi muni shi ne na wani tsibiri mai sanyi da iska a bakin garin Lüderitz. Ana ƙiyasta cewa cikin Herero kusan 80,000, wajen 65,000 sun hallaka, Nama kuma wajen 10,000, wato rabinsu. Trotha bai kira abin yaƙin filin kiwo ba, yaƙin jinsi ya kira shi. A wani rubutu da ya yi a jarida a 1909 kuwa, ya ambaci dokar Darwin da sunanta, ya ce tausayi ba zai iya kawar da ita ba.

Malaman fa, suna ina a lokacin? Suna Balin suna jiran kaya. An sa matan Herero da ke tsare su kankare naman kawunan mamata da fasassun kwalabe, a jera ƙoƙunan a akwati a aika wa masu bincike a Jamus su auna. Har hoto aka ɗauka na sojoji suna shirya akwatin, aka buga shi a katin gaisuwa. Sai a 2011 asibitin Charité na Balin ya mayar wa Namibiya guda 20 daga cikinsu. A 1908 wani masani mai suna Eugen Fischer ya sauka a ƙasar, ya auna kawuna da hanci da gashin mutanen Rehoboth, waɗanda jininsu ya gauraya da na Turawa, ya wallafa sakamakon a 1913 yana gargaɗi kan auratayya da jinsin da ya kira na ƙasa. Ba a kore shi daga jami'a ba. A 1927 aka ba shi shugabancin babbar cibiyar nazarin jinsi da gado ta Jamus, a 1933 kuma, shekarar da Hitler ya hau mulki, ya zama shugaban Jami'ar Balin. Gwamnatin Jamus ta amsa a 2021 cewa abin da aka yi a Namibiya kisan ƙare-dangi ne. Ɓera ya amsa satarsa, Malam kuwa har yanzu yana rantsuwa daddawa ba ta da wari.

Hujjar da ta fi ba ni mamaki ita ce ta "'yan zamaninsu ne". Tun a 1836 wani Bajamushe masanin sassan jiki, Friedrich Tiedemann, ya riƙa cika ƙoƙunan kai na jinsuna daban-daban da gero yana aunawa, ya kai wa babbar ƙungiyar masana ta Landan sakamako cewa bai ga bambancin da zai sa a ce baƙar fata na ƙasa ba. A 1868 Africanus Horton, likita ɗan Saliyo da ya yi karatu a Landan da Edinburgh, wanda mahaifinsa Ibo ne da aka 'yanto daga jirgin bayi, ya rubuta littafi yana warware da'awar masu auna kawuna ɗaya bayan ɗaya. A 1885, shekarar da Ferry ya yi jawabinsa, wani ɗan Haiti mai suna Anténor Firmin, mamba a ƙungiyar masana ilimin ɗan Adam ta Faris, ya fitar da littafi mai shafi fiye da 600 kan daidaiton jinsuna, kuma shi bai ƙi ka'idar juyin halitta ba, da ita ma ya yi musu hujja. A cikin majalisar Faransa kanta Georges Clemenceau ya miƙe ya mayar wa Ferry martani, ya ce shi dai tun da ya ji malaman Jamus sun tabbatar a kimiyyance cewa dole a ci Faransa da yaƙi don Bafaranshe jinsi ne na ƙasa da Bajamushe, yake taka-tsantsan kafin ya kira wani na ƙasa. Su waɗannan a wane zamani suka rayu? Hujja na nan a gaban kowa. Wanda ya zaɓi Galton ya bar Firmin ya san dalilinsa, kuma dalilin ba ya cikin ma'auni.

Da ma ka'idar ce ake bi tsakani da Allah, da an bar ta ta faɗi a inda ta faɗi. A Omdurman, ranar 2 ga Satumban 1898, bindigogin Maxim da igwa sun kashe mayaƙan Mahadi fiye da 10,000 cikin 'yan sa'o'i, a ɓangaren Janar Kitchener na Birtaniya kuwa mamatan ba su kai 50 ba. Aka ce ka ga fifikon jinsi. To a Adwa fa, ranar 1 ga Maris 1896, inda rundunar Sarki Menelik na Habasha, da bindigogin zamani a hannunta, ta tarwatsa sojojin Italiya? Shin an ce Bataliye ne na ƙasa? Ina! Sai marubuta a Turai suka shiga tuna wa jama'a cewa ai Habashawa ba baƙaƙe ba ne sosai, akwai jinin farar fata a jikinsu. In Bature ya ci, jinsinsa ne ya ci. In baƙi ya ci, ashe dama ba baƙi ba ne.

Wannan dabara ita ta kawo mu gida, inda Malam ya ce ruwan bai taɓa mu ba. Na bar maganar Kano da Sakkwato da Burmi a 1903, da Satiru a 1906, tunda zai ce wannan aikin bindiga ne. Mu tsaya kan yabon da yake alfahari da shi. Gwamna Lugga ya yabi tsarin sarautar da ya tarar, haka ne. Amma a littafinsa na 1922 kan mulkin ƙasashe masu zafi, inda ya maimaita hujjar nan ta riƙon amana, ya siffanta baƙar fata na asali da mutum mai fara'a marar tanadi, mai halin yara, har ya kawo maganar Sir Charles Eliot, tsohon kwamishinan Birtaniya a gabashin Afirka, cewa tunanin Ba'afirke ya fi kusa da na dabbobi a kan na Bature ko mutumin Asiya. To yaya mai wannan ra'ayi zai fassara birni mai ganuwa da alƙalai da baitulmali da malamai masu rubuta littattafai? Ba zai ce ra'ayinsa ne ya karye ba. Sai ya ce wani jini ne ya shigo daga waje. Matarsa Flora Shaw, wadda ta raɗa wa Najeriya suna, ta rubuta a 1905 cewa Fulani jinsi ne mai surkin farar fata. In aka nuna musu ganuwar Kano da ta girmi jihadi da ɗaruruwan shekaru, sai su ce ai Hausawan ma jininsu ya gauraya da na mutanen arewacin Afirka. Yabon ke nan: duk abin kirkin da ke gare ka, ba kai ka yi ba.

Wannan ita ce tatsuniyar Hamawa. Asalinta tsohon labari ne na zuriyar Ham ɗan Annabi Nuhu, na yarda ba Darwin ya kawo ta ba, amma malaman jami'a ne suka ɗinka mata rigar kimiyya suka ɗora ta a kan tsanin jinsuna. A 1912 Carl Meinhof, farfesa a cibiyar nazarin ƙasashen mallaka ta Hamburg, ya sa Hausa da Fulatanci da harshen Masai da na Nama duk a kwando ɗaya ya kira su harsunan Hamawa. A 1930 Charles Seligman, farfesa a Landan, ya rubuta cewa wayewar Afirka wayewar Hamawa ce, su kuma Hamawa reshe ne na farar fata, kuma an ci gaba da buga littafin ana karantar da shi har bayan mun sami 'yancin kai. Sai da Joseph Greenberg, wanda ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, ya zo ya nuna cewa Fulatanci ɗan'uwan harshen Serer da Wolof ne na Senegal, Hausa kuma danginta na kusa suna nan kewaye da ita a Najeriya da Kamaru da Chadi, kuma waɗanda suka haɗa su a da sun fi kallon shanu da dogon hanci a kan nahawu.

Tatsuniyar ba a takarda ta tsaya ba. Da ita aka kafa hujjar ɗora hakimai da ma'aikata Hausa-Fulani a kan al'ummun kudancin Zazzau da sassan Adamawa da Binuwai, har da waɗanda jihadi bai taɓa cin su da yaƙi ba, wai su ne a ƙasan tsani. Masanin tarihi Moses Ochonu ya yi littafi guda a kan wannan a 2014, kuma ƙullin da aka ɗaura a lokacin yana cikin abin da muke fama da shi yau. A Ruwanda 'yan Beljiyam sun auna hanci da tsayi, suka ce Tutsi Hamawa ne baƙi daga Habasha, suka rubuta ƙabilar kowa a katin shaida a farkon shekarun 1930. A 1994 da wannan kati aka riƙa tsayar da mutane a shingen hanya. Abin takaici, har yau a cikinmu akwai masu jin daɗi in an ce musu ai su ba baƙaƙe ba ne na sosai, daga gabas kakanninsu suka zo, ba su san darajar da ake ba su a nan ta ɗan dako ce a kasuwar wani ba.

Kada masu son a soke darasin su yi murna da ni, ba tare muke ba. Abin da ya rusa tsanin jinsuna ai binciken ne da kansa, da aka yi shi da gaskiya. A littafin nan dai na 1871 Darwin ya ce mai yiwuwa a Afirka kakannin ɗan Adam suka fara zama. Da Raymond Dart ya bayyana ƙoƙon kan Taung na Afirka ta Kudu a 1925, manyan masanan Ingila suka yi masa ɗagin kai, domin sun fi son nasu na Piltdown da aka "tono" a ƙasarsu a 1912. A 1953 aka gano na Piltdown haɗin gambiza ne, ƙoƙon kan mutum da muƙamuƙin biri. A 1972 Richard Lewontin ya auna bambancin ƙwayoyin gado na 'yan Adam, ya tarar kusan kashi 85 cikin 100 yana cikin kowace al'umma ne, tsakanin mutum da maƙwabcinsa, wani ɓangare ne kawai na ɗan abin da ya rage ke tsakanin abin da ake kira jinsuna. Yaron da aka hana wa wannan ilimi, da me zai amsa in wani ya zo masa da tsohuwar maganar Galton a sabuwar riga?

Matsayina dai bai sauya ba. Kwaɗayi ne ya tura jiragen ruwa, bindiga ce ta ci ƙasa, amma takardar halasci daga jami'a ta fito, da sa hannun manyan malamanta. Roƙona ga Malam shi ne ya koma aji ya koyar da darasinsa, amma ya haɗa da sunan Galton da Pearson da Fischer, kafin ɗalibi ya je ya ji su a bakin wanda zai ce masa malaminsa ya ɓoye masa. Kwalejin da Pearson ya koyar a cikinta ta cire sunansa da na Galton daga gine-ginenta a 2020, a Janairun 2021 kuma ta fito fili ta nemi afuwa kan rawar da ta taka wajen raino da halatta ilimin tace iri. Ba ta ɗora laifin a kan 'yan siyasa ba, a kanta ta ɗora.